Jinin da ya ƙi tsayawa bayan ɓari ko haihuwa, don Allah a yi gwajin ciki

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka baki ɗaya, Allah ya ƙara basira. Ina roƙon ka bani fili ko yaya ne in yi magana akan wani ciwon daji na mata wanda ba kasafai ake jin labarinsa ba. Kullum in za'a yi maganar kansa ta mata sai dai kaji ta nono da ta bakin mahaifa, kuma gaskiya sun cancanci a yi ta maganarsu tunda suna cikin waɗanda suka fi kashe mata, bani da ja akan wannan. Amma akwai wani da likitoci suke kira koriyokasinoma, bashi da yawa, sai dai abinda yasa na kasa haƙuri har na zauna rubuta wannan wasiƙa shine yana cikin ciwukan dajin da aka fi samun nasarar warkarwa a duniya, ko ya bazu ya kai huhu ana warkewa tas mace ta koma ta ci gaba da haihuwarta, amma duk da haka ana rasa mata saboda ba'a gano shi da wuri ba, alhali gwajin cikin nan da kowace mace ta sani shine yake tona asirinsa.

Shi wannan ciwon ba daga naman jikin mace yake farawa ba, daga cikin da ta ɗauka yake tasowa, wato daga ƙwayoyin da suke haɗa mabiyiya. Su waɗannan ƙwayoyin dama haka Allah ya yi su, aikinsu su kutsa cikin bangon mahaifa su nemi jijiyoyin jinin uwa don su samo wa jariri abinci, a cikin lafiyayyen ciki suna shiga iya inda ya kamata sai su tsaya, in an haihu su fita tare da mabiyiya shikenan. To in suka lalace suka zama daji basa tsayawa, kuma tunda dama sun saba shiga jijiyar jini, nan da nan suke bin jini su tafi wasu sassan jiki, shiyasa yake da saurin bazuwa fiye da yawancin kansa. Sannan su ne suke fitar da sinadarin nan hCG wanda shi ne yake sa tsinken gwajin ciki ya nuna layi biyu. Don haka muddin suna nan a jiki suna raye, ko a mahaifa ko a huhu ko a ina ne, gwaji zai ci gaba da nuna akwai ciki alhali babu ciki.

Kusan rabin matan da suke samun wannan ciwon sun fara ne da wani irin ciki da ake kira mola. Cikin mola tun ranar da aka same shi yake da matsala. A ƙa'ida jariri yana ɗaukar ƙwayoyin gado 46, 23 daga uwa 23 daga uba. A cikakken mola ƙwan macen ne yake zuwa fanko babu nata kason a ciki, sai ya zama duk na uba ne kaɗai, babu jariri kwata-kwata, sai mabiyiya ta yi ta girma ta cika mahaifa da wasu ƙananan ƙulli-ƙulli masu ruwa kamar 'ya'yan inabi. A ɗaya nau'in kuma wanda bai cika ba, maniyyi biyu ne suke shiga ƙwai ɗaya sai ƙwayoyin su zama 69, jariri yana iya fara halitta amma bazai rayu ba. Ba laifin mace bane, ba laifin miji bane, ba wani abu ta ci ba, ba aiki ta yi da yawa ba, kuma ba ciwon sanyi bane balle a ce wani ya shafa wa wani. An fi ganinsa ga 'yan mata ƙanana sosai da kuma matan da suka haura 40, amma kowace mace mai haihuwa tana iya samu. A ƙasashen Turai da Amurka ana ƙiyasta wajen ciki 1 cikin 1,000 ne yake zama mola, a wasu ƙasashen Asiya ya fi haka yawa.

Mai cikin mola zata ji duk alamomin ciki, har ma su fi ƙarfi saboda hCG ɗin ya yi yawa, amai ba ƙaƙƙautawa har sai an sa mata ƙarin ruwa, ciki ya yi girman da ya wuce watanninsa, ga jini yana ɗiga wani lokacin baƙi-baƙi wani lokacin ja, wasu har jininsu ya hau tun cikin yana ƙarami, wasu zuciya ta riƙa bugawa da sauri hannu na rawa, wasu kuma su ga ƙulli-ƙullin nan sun fito tare da jini. Sikanin yana nuna shi. Maganinsa wankin ciki ne a cire shi duka, kuma mafi yawan mata daga nan an gama, mola kanta ba kansa bace. Amma a cikakken mola kusan kashi 15 cikin 100 wani abu yana saura ya ci gaba da girma har sai an yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, a wanda bai cika ba kuwa wajen 1 ne cikin 100 ko ma ƙasa da haka. Ba duk waɗannan bane suke zama koriyokasinoma, wasu mola ce kawai ta kutsa cikin naman mahaifa, amma duk hanyar gano su ɗaya ce, maganin ma kusan ɗaya ne.

Abinda ya fi tayar mini da hankali shine ɗaya rabin, waɗanda basu taɓa yin mola ba. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu bayan ɓari ne na yau da kullum ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wani kashi ɗaya cikin huɗun kuma bayan lafiyayyar haihuwa ne, ga jariri a hannu ana shayarwa. Su waɗannan babu wanda yake bibiyarsu saboda babu wanda ya yi zargin komai. Eh bashi da yawa, ana maganar ciki 1 cikin 40,000 zuwa 50,000 ne, amma in akan 'yarka ko matarka ya faɗa wannan lissafin bazai maka amfanin komai ba. Kuma yana iya fitowa bayan watanni, wani lokacin ma bayan shekaru da cikin ƙarshe, lokacin kowa ya manta.

Ni a gidanmu na san shi, akan ɗiyar yayata. Ta yi ɓari aka mata wankin ciki aka sallame ta, babu wanda ya kai abinda aka cire ɗakin gwaji, babu wanda ya ce ta dawo. Jini ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, ta koma aka ce saura ne aka sake wankewa, aka bata maganin ƙarin jini, yarinya tana ta ramewa tana yin fari, daga baya ta fara tari har da jini a ciki, aka ɗauki hoton ƙirji aka ga tabo-tabo aka ɗora ta akan maganin tarin fuka, tana sha babu sauƙi. Sai da Allah ya haɗa mu da wata likita da ta zauna ta tambaye ta yaushe rabonki da ciki, kuma yaya ya ƙare, ta sa aka gwada fitsari ya nuna ciki, aka yi sikanin babu jariri, aka auna hCG na jini ya yi sama sosai. Aka fara kemo, ta sha wuya kam, amma Alhamdulillah ta warke, yanzu haka tana goyo. Har yau in na tuna watannin da aka ɓata akan abinda tambaya ɗaya da tsinken gwaji ɗaya suka warware, raina yana ɓaci.

Wannan rikicewar da tarin fuka ba akanta kaɗai ta faru ba, haka ciwon yake. In ya bazu huhu ne wurin da ya fi zuwa, wajen kashi 80 cikin 100 na waɗanda ya bazu musu, sai tari da numfashi sama-sama da ciwon ƙirji ko tofar da jini. Yana zuwa farji ya fito kamar wani ƙulli mai launin shuɗi-shuɗi ko ja mai duhu, kuma wannan ƙullin likitoci sun yi gargaɗi kar a yanke shi don gwaji saboda jinin da zai ɓalle yana da wuyar tsayarwa. Yana zuwa hanta, yana zuwa ƙwaƙwalwa, sai kaga matashiyar mace da ciwon kai mai tsanani ko jijjiga irin ta farfaɗiya ko ɓarin jiki ya shanye, kowa yana ta neman dalili a kai alhali asalin abin daga mahaifa ne. Wata ma babu jinin da take zubarwa ko kaɗan, ciwon ya bar mahaifar ya koma wani wuri. Shiyasa ƙa'idar da ake koya wa likitoci ita ce duk macen da take shekarun haihuwa aka ga wani ƙari a huhunta ko ƙwaƙwalwa ko hanta ba'a san daga ina ya fito ba, a auna mata hCG kafin komai.

Kar wata ta karanta wannan hankalinta ya tashi, mafi yawan jinin da yake daɗewa bayan ɓari ko haihuwa ba kansa bane, ko ragowar mabiyiya ce ko ƙwayar cuta ta shiga, su ma kuma duk suna buƙatar asibiti. Abinda nake so 'yan uwana mata su riƙe shine lokaci. Jinin ɓari yawanci baya wuce mako 2, kuma in aka kai mako 3 ya kamata gwajin fitsari ya daina nuna ciki. Jinin biƙi yana iya kaiwa mako 6 amma raguwa yake yana canza launi, ba ƙaruwa ba. In ya wuce haka, ko ya ɗauke ya dawo da ƙarfi, ko al'adarki ta rikice tun daga wancan cikin ta ƙi komawa daidai, 'yar uwa ki yi gwajin ciki, in ya nuna layi biyu kar ki zauna kina lissafin sabon ciki ne, kije a yi sikanin a tabbatar, in ba'a ga jariri ba ki ce a auna miki hCG na jini wanda yake bada lamba, ba na fitsari kawai ba. Akwai ma wani abu da ya kamata ma'aikatan lafiya su sani, in hCG ya yi yawa fiye da kima tsinken fitsari yana iya rikicewa ya nuna babu ciki ko layin ya fito dishi-dishi, don haka in alamomi sun nuna akwai matsala kar a tsaya akan tsinke, a tura jini kuma a gaya wa masu ɗakin gwaji abinda ake zargi don su tsarma shi su sake aunawa.

Malam Edita akwai tarihi mai daɗi akan wannan ciwon da nake so masu karatu su ji, don su san ba daɗin baki nake ba da nace ana warkewa. Kafin shekarun 1950 macen da ya bazu a jikinta kusan babu mai tsira, galibi cikin shekara guda ake rasa ta. A 1956 wani likita haifaffen ƙasar Sin mai suna Min Chiu Li, yana aiki tare da wani likita Roy Hertz a cibiyar binciken kansa ta ƙasar Amurka, ya gwada maganin metotireksat akan wata matashiya da ciwon ya riga ya kai mata huhu, ƙarin ya narke ta tashi. Wannan shine karo na farko a tarihi da aka warkar da kansa irin mai ƙulli wadda ta riga ta bazu da magani kaɗai. Sai ya lura da wani abu, ko hoto ya nuna babu komai, in dai hCG bai sauka ya koma daidai ba to akwai sauran ciwon a ɓoye, don haka ya ci gaba da bada magani har sai lambar ta sauka. Shugabanninsa suka ga kamar yana wahalar da matan da suka riga suka warke da magani mai guba, har ya rasa aikinsa a wurin. Daga baya aka ga matan da aka tsayar wa magani da wuri ciwon yana dawo musu, nasa matan kuma bai dawo musu ba, a 1972 yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta binciken likitanci mai suna Lasker. Har yau akan wannan ƙa'idar tasa ake tafiya, lamba ake bi, ba yadda mace take ji a jikinta ba.

Yanzu in an gano shi ana yi wa mace maki, ana duba shekarunta, wane irin ciki ne ya gabata, wata nawa da ƙarewarsa, yawan hCG, girman ƙarin, ina da ina ya bazu. In makin 6 ne ko ƙasa magani ɗaya ake bayarwa, yawanci metotireksat, allura ce ake yi rana ɗaya a tsallake ɗaya, a ranakun tsallaken a sha wata ƙwaya mai kare jiki daga illarsa, a huta a sake duk bayan mako 2, kuma mafi yawanci ko gashi baya zubewa, sai dai ciwon baki da zafin ido. In bai karɓa ba a canza zuwa wani mai suna aktinomaisin. Waɗannan kusan 100 bisa 100 suke warkewa. In makin ya kai 7 zuwa sama sai a haɗa magunguna 5, wannan kam akwai wahala, gashi yana zubewa jini yana sauka, amma duk da haka a cibiyoyin da suka ƙware wajen 9 cikin 10 suna tashi. Bayan hCG ya koma daidai ba'a tsayawa nan take, ana ƙara wasu zagaye na kamar mako 6 don a kashe abinda gwaji baya iya gani, kuma a nan ne wasu suke gudu saboda sun ji sauƙi, don Allah kar a yi haka. Mafi yawanci ba'a cire mahaifa, kuma cikin waɗanda suka nemi haihuwa bayan magani fiye da kashi 80 cikin 100 suna samun ciki. Akwai wasu nau'ika biyu da suka fi wannan ƙaranci waɗanda basa jin kemo sosai, su aiki ake yi a cire mahaifar, amma ba kasafai ake ganinsu ba.

Inda nake so in yi magana da mazajenmu da iyayenmu mata shine maganar jira. Macen da aka cire wa mola dole ta riƙa zuwa ana auna hCG duk mako ko duk mako 2 har ya sauka, sannan a ci gaba da bibiya, a cikakken mola yakan kai wata 6, a ɗayan bai kai haka ba. Wadda ta yi kemo kuma ana so ta yi shekara 1 bata ɗauki ciki ba. Dalilin a fili yake, sabon ciki shima hCG yake fitarwa, in lambar ta tashi likita bazai iya bambance ciki ne ko ciwon ne ya dawo ba, ga kuma maganin da bai gama fita daga jiki ba. Don haka in likita ya ce a yi tazara a wannan lokacin ba ƙin haihuwa bane, magani ne kamar allurar da aka mata. Na san mace da ta rasa ciki zuciyarta tana son ta maye gurbi da wuri, dangi ma suna tambaya, amma Alhaji, Malam, Yaya, kai ne zaka tsaya mata, ka raka ta gwajin nan ko ta ce ta gaji, ka ajiye takardun sakamakon a jere don likita ya ga lambar tana sauka ko ta tsaya ko tana hawa. Kuma wadda ta taɓa yin mola sau ɗaya, yiwuwar ta sake wajen 1 ne zuwa 2 cikin 100, wato mafi yawa cikinsu na gaba lafiya lau ne, sai dai ta fara awo da wuri a yi sikanin tun cikin yana ƙarami, kuma ta faɗa wa ungozoma tarihinta kar ta ɓoye.

A Birtaniya tun 1973 suka tsara cewa duk macen da aka samu da mola sai an yi mata rajista a cibiya ta musamman, babbar ita ce asibitin Charing Cross a Landan inda Farfesa Kenneth Bagshawe ya kafa aikin, akwai kuma a Sheffield da Dundee, mace tana gidanta ake aiko mata da kwalba ta tura samfuri ta gidan waya, in lamba ta ƙi sauka su ne zasu kira ta. Da wannan tsarin ne mutuwa daga wannan ciwon ta zama abu mai wuyar gani a can. Abin lura anan ba wata na'ura ce mai tsada ta yi aikin ba, rajista ce da bibiya, wani ya ɗauki nauyin tuna cewa wance bata dawo ba. Duk asibitin da ake wankin ciki zai iya ajiye littafi da lambar waya, yanzu da kusan kowa yana da waya a hannu ko ta maƙwabci.

Ga likitocinmu da nas-nas da ungozomomi, na san aiki ya muku yawa kuma muna godiya, roƙona shine abinda aka cire a wankin ciki a dube shi da kyau, inda hali a tura shi ɗakin gwaji, musamman in ba'a ga alamar jariri a ciki ba. Mace ta dawo da jini bayan an wanke, kar a sake mayar da ita kan gado a wanke karo na biyu da na uku ba tare da an auna hCG ba, domin naman wannan ciwon cike yake da jini kuma yana cinye bangon mahaifa, maimaita wankin yana iya huda ta ko ya ɓalle jinin da zai kai ga cire mahaifar gaba ɗaya. Kuma a riƙa yi wa mace bayani da bakin da zata gane kafin a sallame ta, a ce mata cikinki mola ne, ga abinda yake nufi, ga ranar da zaki dawo, ga abinda zai faru in baki dawo ba, da yawa ba taurin kai ne yake hana su dawowa ba, ba'a gaya musu bane.

Wani abu kuma da zai iya rikita mutane, allurar rigakafin kansar bakin mahaifa da ake yi wa 'yan mata tana da kyau sosai a yi ta, amma bata kare wannan, gwajin bakin mahaifa ma baya gano shi, ciwo ne daban da hanyarsa daban, kar wata ta ce ai na yi gwaji an ce lafiyata lau ta zauna da jini a gida.

Malam Edita roƙona gareku shine ku gayyato likitan mata ya yi cikakken bayani akan cikin mola da wannan ciwon a shafinku na lafiya, ku sa har a shafukanku na Facebook da WhatsApp inda mata suka fi gani, kuma ku tambayi asibitoci ko suna da tsarin bibiyar matan da aka cire wa mola, in babu me ya hana. Nagode da wannan fili, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam,
Daga wata mai karanta jaridarku a kullum